Yadda ake ɗebo ruwa a rijiyar mai shiru-shiru

Ni mai surutu ne, ba na ɓoyewa. Tun ina lekol mushe ke canza mini benci saboda hira, har yau kuma in na zauna a fada bayan isha'i sai shayi na uku ya huce ban kai ƙarshen labari ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da mangazar wani Alhaji a nan Maradi. Muna sayen wake da aya da riɗi a kasuwannin ƙauye, mu gyara, mu ajiye, mu sayar wa masu lodi zuwa Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya. Mu goma sha huɗu ne har da mai gadi, ban da mata masu sheƙa da tsinta da ke zuwa da kaka. Abin da zan rubuta a nan buhu 43 na wake ne suka fara koya mini shi.

Kakar 2019 ce, shekarar da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta. Kaya ba sa fita yadda aka saba, sai Alhaji ya ce a ajiye wake har kasuwa ta buɗe. Muka zuba shi a buhunan nan masu riɓi uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da su, an kuma yi gwajinsu sosai a nan Maradi tare da ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar. Duk mai harkar wake ya san sirrinsu: ba a sa magani, iska ake hanawa shiga, ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan abin da ya rage su mutu. Sharaɗi ɗaya ne, kada leda ta huje.

Mai awonmu mutumin wani ƙauye ne a bayan Tibiri. Ya girme ni da kusan shekara goma, ya riga ni shiga mangazar, kuma yana iya wuni a gaban sikeli bai furta kalma ashirin ba in ka cire sallama da lambobin kilo. Ƴan dako in sun koma gefe cewa suke yi miskili ka fi mahaukaci ban haushi. Ni ma, Allah ya yafe mini, kallon da nake yi masa ke nan: mutum mai amana, amma ba wanda za a ƙaru da shi a shawara ba.

Wata safiyar Asabar muna taro a rumfar ƙofar mangaza. Dillalinmu da direba sun kaure da gardama kan canjin naira, ni kuma ina tsakiya ina ƙara wa wutar itace, don irin gardamar da nake so ce. Can sai mai awo ya ce, kansa a sunkuye, yana murza hularsa a gwiwa: "Katakon can na jikin bango, ƙusoshinsa sun fito." Na ji shi sarai. Na ce, "To Malam, za a duba," na juya ga direba. Ba a duba ba. Shi ma bai sake tayar da maganar ba.

A watan Maris muka zo fitar da kaya. Layin ƙasa na jikin bango, tun ba a kwance bakin buhu ba na ɗora hannu na ji ɗumi. Da aka kwance, wake duk huji, gari na zuba, ƙwari na tashi a fuska. Ashe lokacin jeri ƴan dako sun riƙa jan buhu a kan katakon, ƙusa na tsaga leda. Na hau faɗa: wa ya jera, wa ya duba, me ya sa ba wanda ya ce komai? Mai awo ya shiga ɗan ɗakinsa ya fito da wani kaye mai shuɗin bango da ya sha hannu, ya buɗe ya miƙo mini. Da ajami yake rubutu. Ya sa ranar, ya sa "ƙusa a katakon bango", a ƙarƙashi kuma "na gaya wa maigida". Sannan ya ce a hankali, ba da gatse ba, "Ai na hwaɗi, maigida."

Na tsaya ina juya shafukan. Ga ranar da sikeli ya fara cin rabin kilo. Ga sunan ƙauyen da ayarsa ke zuwa da yashi. Ga yawan buhun da kowace mace ke sheƙewa a wuni. Shekara da shekaru wannan sani yana cikin gidanmu, ana biyan mai shi albashi, rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Gugan kuwa ni ne. Abin da ke biye shi ne yadda na yi ta ɗinke gugan, ko zai amfani mai shago, da shugaban ofis, da tela mai yara a ƙarƙashinsa.

Fara da gane wane irin shiru ne

A ƙasarmu shiru kala-kala ne, wanda kuma ya zuba su a kwano ɗaya zai ba da maganin da ba na cutar ba. Akwai shirun hali, irin na mai awo: mutum ne da taro ke gajiyar da shi kamar yadda dako ke gajiyar da wani, sai ya keɓe yake dawowa hayyacinsa, kuma ba ya fitar da magana sai ya gama tauna ta. Akwai shirun kunya da girmamawa, wanda iyayenmu suka rene mu a kai: yaro ba ya tsoma baki manya na magana, ɗiya mace ba ta ɗaga murya cikin maza, wanda surukinsa ke zaune a wurin ko sunansa aka tambaya sai ya yi nauyin baki. Akwai kuma shirun wanda ya taɓa magana aka gwale shi, ya rantse a ransa ba zai ƙara ba.

Hanyar rarrabewa ita ce ka ga mutum a wajen aiki. Muna da wani yaro mai riƙe mana lissafi, wata shida ina ɗaukarsa ɗan'uwan mai awo ne a hali. Ran nan na hango shi a filin kokowa na Kantu, tsaye kan benci, rigarsa a hannu yana kaɗawa, muryarsa ta dushe don ihu. Da na bincika, ashe Alhaji abokin mahaifinsa ne, shi ya sa ko ido ba ya iya ɗagawa a mangaza. Wannan da aka daina sa shi magana a gaban Alhaji, sai bakinsa ya buɗe har ya so ya fi nawa. Mai shirun hali kuwa ko a biki ka same shi yana gefe, sai dai in ka taɓo abin da ya sani. Taɓo wa mai awo zancen jar akuya ka gani, zai yi maka rabin awa a kan fatarta da yawan haihuwarta. Wanda a da yake magana yanzu ya daina, kada ka ce hali ne. Je ka same shi shi kaɗai ka tambaye shi abin da aka yi masa, kuma ka shirya jin cewa kai ne ka yi.

Ɗiyata da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ita ke turo mini abubuwan karantawa tun da ta ji labarin waken. Daga nan na san cewa wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, Carl Jung, shi ya yaɗa wannan rabo a 1921, na masu fuskantar waje, wato masu son taro irina, da masu fuskantar ciki, wato masu shirun hali. Abin da ya burge ni shi ne shi da kansa ya ce babu mutumin da yake zalla ɗaya daga ciki. Yawancin mutane a tsakani suke. Don haka kada ka manna wa ma'aikacinka suna a goshi ka ce an gama.

Gyara taro, don a nan ake asarar

Taronmu na da kamar kasuwar Litinin yake, wanda ya fi murya shi ke sayarwa. A ƙarshe in ce, "Akwai mai magana?" in jira numfashi ɗaya, in shafa fatiha. Wannan tambaya ba ta taɓa fito da komai daga bakin mai shiru-shiru ba, kuma ba za ta fito da shi ba.

Abu na farko da na canza: ba na kawo magana sabuwa fil a taro. In za mu tattauna ranar Asabar, tun daren Alhamis nake tura saƙon murya a WhatsApp, minti ɗaya, in faɗi abu biyu ko uku da za a duba. Mai gadi da ba shi da babbar waya in gaya masa da baki. Mai surutu irina a cikin magana yake gano abin da yake tunani, mai shiru kuwa sai ya kwana da abu. In ka jefo tambaya nan take, tseren na masu saurin baki ne, kuma saurin baki da daidai ba uwa ɗaya ta haife su ba. In akwai wanda nake son ji daga gare shi musamman, sai in same shi tun jajibiri: "Malam, gobe zan tambaye ka batun sikeli, ka shirya mini." Abin da na haramta wa kaina shi ne in juya a tsakiyar taro in ce, "Kai fa, tun ɗazu ba ka ce komai ba." Wannan tozarci ne da rigar kulawa. Duk ido zai koma kansa, abin da ke bakinsa ma ya gudu.

Na biyu, na juya layin magana. A al'adarmu babba ke farawa, in kuwa babba ya faɗi ra'ayinsa, wa zai saɓa masa a bainar jama'a? Sai ka ji "haka ne, haka ne" har a tashi. Yanzu daga ƙarami muke farawa, a zagayo, ni ne na ƙarshe. In Alhaji ya zo, na roƙe shi da girman Allah ya bari sai an gama. Da farko abin ya yi wa dattawanmu banbaraƙwai, sai na ce musu ai ko a fadar sarki ba sarki ke fara magana ba, sai ya gama jin kowa yake yanke hukunci. Suka ce wannan kuma gaskiya ne.

Na uku shi ya fi ba ni wuya: jira. Wata malama a Amurka, Mary Budd Rowe, ta yi shekaru tana naɗar muryoyin azuzuwa, ta fitar da sakamako a 1972 cewa malamai in sun yi tambaya kusan daƙiƙa ɗaya kawai suke jira kafin su amsa da kansu ko su wuce ga wani. Da aka koya musu su kai daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara ɗaga hannu. Na gwada a kaina na ga ko ɗayar ba na cikawa. Dabarar da na samu ita ce casbaha. In na yi tambaya sai in ja ƙwaya bakwai a aljihu kafin in sake buɗe baki. Shirun zai yi maka nauyi kamar an ɗora maka buhu, za ka ji kamar taron ya mutu. Daure. Sau da yawa a ƙwaya ta biyar ko ta shida mai awo ke gyara murya.

In ana neman dabaru, misali yadda za a rage asarar riɗi wajen sheƙa, kada ka ce kowa ya jefo abin da ya zo masa. Tun 1958 aka gwada wannan a Jami'ar Yale: aka sa mutum huɗu-huɗu su yi tunani tare da baki, wasu kuma kowa shi kaɗai sannan a tattara, sai na masu zaman kaɗaici suka fi yawa nesa ba kusa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, baki ɗaya ke magana a lokaci guda, kafin layi ya zo kanka ka manta naka ko ka raina shi. Mu abin da muke yi, masu rubutu kowa ya rubuta a ƴar takarda, da boko ko da ajami, waɗanda ba sa rubutu yaron lissafi ya bi su ɗaya-ɗaya. In zaɓi ne tsakanin abu biyu, sai a ajiye kwano biyu a bayan ƙofa, kowa ya shiga ya jefa ƙwayar wake a wanda ya ga dama. Ranar da muka fara haka na gane cewa shawarar da nake ganin kowa ya yarda da ita, mutum huɗu ne kawai ke bayanta, har da ni.

Masu baki fa? Kada ka kashe musu gwiwa, kana bukatarsu. Dillalinmu doka ɗaya na sa masa: kafin ya faɗi nasa, sai ya maimaita abin da na gabansa ya ce. Makon farko ya kasa sau uku, aka yi ta dariya har da shi. Kuma babbar shawara ba ma yanke ta a zaman da aka kawo ta. Sai ta kwana. Wanda wani abu ya faɗo masa cikin dare yana da har azahar ta gobe ya same ni.

Buɗe masa ƙofar baya

Ko ka gyara taro yaya, rabin abin da mai shiru-shiru ya sani ba a taro zai fito ba. Kada kuma ka kira shi ofis ka zaunar da shi gaba da gaba kamar ɗan sanda da mai laifi. Kafaɗa da kafaɗa ake yi. Ni lokacina shi ne dawowa daga sallar la'asar, daga masallaci zuwa ƙofar mangaza, tafiyar da ba ta fi minti biyar ba. Ko a gaban mota in za mu kasuwar ƙauye, ido na kan hanya.

Tambayar ma sai ka ƙuntata ta. In ka ce "Yaya aiki?" amsar "Alhamdu lillahi" ce, ko rufin ɗaki na faɗowa. Ce masa, "Cikin kayan da aka sauke jiya, wane buhu ne bai kwanta maka a rai ba?" Ko, "Da kuɗinka ne, za ka sake saye a wurin mutumin nan?" Irin wannan tambaya tana nuna masa ka san ya lura, kuma ba ƙarar kowa kake so ya kawo ba.

Kayen nan mai shuɗin bango yanzu duk Alhamis nake karanta shi, da izininsa. Na saya wa mai gadi da direba nasu, direban bai taɓa rubuta komai ba, ba laifi, shi bakinsa ya ishe shi. Wajen mata masu sheƙa kuwa ba na tsayawa a kansu in yi tambaya, don ba wadda za ta amsa. Akwai dattijuwar da ke shugabantarsu, ita nake gaisarwa in durƙusa: "Inna, ko ƴaƴanki sun ga wani abu a kayan nan?" Ta bakinta na ji cewa wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta lura riɗin wani mai kawo mana kaya yana dunƙulewa a gindin buhu, alamar an yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi.

Sai dai duk wannan banza ne in ba ka aikata ba. Mai surutu in ka yi biris da shi gobe zai sake faɗa, jibi ma haka. Mai shiru sau ɗaya yake gwada ka. In ya gaya maka abu, ka taɓa shi cikin kwana biyu, ka dawo ka ce masa ga abin da aka yi. In ba za a yi ba, gaya masa dalili. Kuma abin da ya faɗa maka a hanyar masallaci game da wani, kada ya ji shi a rumfa da sunansa a jiki.

Haɗa shi da mai baki

Kuskuren da na ga wasu na yi bayan sun gane darajar mai shiru shi ne su tura shi ɗaki shi kaɗai da lissafi, su ce ai abin da yake so ke nan. Wani lokaci haka ne. Amma ribar da ta fi yawa a haɗi take.

Da, dillali kaɗai nake turawa sayen aya wajen Cadawa da Agye. Yanzu su biyu ke tafiya. Na bi su sau ɗaya don in gani. Dillali ya sauka tun mota ba ta gama tsayawa ba, ya san sunan kowa, ya tambayi wannan jikin tsohuwarsa, ya tsokani wancan da wasan Katsinawa da Gobirawa, kafin a jima an shimfiɗa masa tabarma an kawo hura. Mai awo kuwa ba wanda ya lura da shi. Ya zagaya bayan buhuna, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har gwiwa, don na sama kowa ya san na talla ne. Ya damƙo daga ƙasa, ya watsa a tafinsa, ya busa, ya ciji ƙwaya ɗaya ya ji ko ta bushe. Ya murza sauran ya duba abin da ya rage masa a layin tafi. Sannan ya koma gefe ya tsuguna kamar mai jiran a gama a tafi. Ana cikin ciniki, mai kaya ya rantse ya kuma rantsewa, sai na ga mai awo ya tura hularsa baya kaɗan. Nan take dillali ya ce, "Alhaji, albarka dai, bari mu zagaya mu dawo." A mota na tambaya. Suka ce alamarsu ce: hula baya, akwai yashi, kada a ƙara ko dala, hula gaba, kaya na da kyau, kada a bari ya kuɓuce. Su biyu suka ƙirƙiro abinsu, ban sani ba. Mutanen da a da ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su.

Wajen lada da girma

Nan ne zalunci ke shigowa ba a sani ba. Mai baki zai tare ka ya ce iyali sun ƙaru, gero ya yi tsada, a duba shi. Za ka ƙara masa jika biyar don ka huta. Mai shiru ba zai taɓa tambaya ba, sai dai wata rana ka ji ya koma wurin wani. Da na duba littafin albashi bayan abin da ya faru, na tarar an yi wa dillali ƙari sau uku a shekarun da mai awo bai samu ko ɗaya ba. Yanzu lokaci ɗaya ne ga kowa, bayan an rufe sayen kaka, kuma aiki ake dubawa, ba wanda ya fi zuwa ƙofa ba.

Ka kuma tsare masa maganarsa. Sau nawa mai shiru zai faɗi abu ƙasa-ƙasa, bayan minti biyar wani ya ɗauka ya faɗa da ƙarfi, a ce kai, wane ya kawo shawara! Ba lallai da mugunta ba ne, ni kaina na sha yi. In ka ga haka sai ka ce, "Wannan ai ita ce maganar Malam ta ɗazu," ka wuce. Kada ka tsayar da taro ka yi masa kirari, kunya za ta sa ya yi da-na-sanin buɗe baki. Yabonsa na gaske a gaban mai dukiya ake yin sa, ba ya wurin.

Batun shugabanci kuwa, an saba ɗauka cewa sai mai murya. Wani malamin jami'a a Amurka, Adam Grant, da abokan aikinsa biyu sun wallafa bincike a 2011 kan shagunan sayar da fiza. Inda ma'aikata ke jiran umarni kawai, shagon da shugabansa mai baki ne ya fi riba da kashi 16 cikin ɗari. Inda ma'aikata ke kawo shawara da kansu, irin wannan shugaba ribarsa ta gaza ta shugaba mai shiru da kashi 14, don ba ya saurare. Shagon fiza ba mangazar wake ba ne, na sani, amma na ga irinsa da idona. Wata bazara na kwanta rashin lafiya kusan wata guda, na bar wa mai awo makullai ina fargaba. Da na dawo na tarar ana lodi tun bayan asuba, kafin rana ta yi zafi an gama an watse. Ƴan dako ne suka kawo shawarar. Suka ce sun taɓa kawo mini ita, na ba su labarin yadda ake lodi a Kano har suka manta abin da ya kawo su.

Inda shiru ba shi da uzuri

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka duk mai shiru waliyyi ne. Akwai wanda ya yi shiru don ba abin da ke cikin kan, akwai malalaci, akwai sumumu-kasau da ke jiran ka juya baya. Mun taɓa sallamar wani da ko tari ba ya yi, ashe tiya-tiya yake fitar da riɗi a cikin rigar sanyi. Da aiki ake auna mutum, shirunsa ko surutunsa ba shaida ba ne.

Shi ma mai awo ban bar shi haka ba. Bayan na ba shi haƙuri, na ce masa, "Malam, laifina ya fi yawa, amma kai ma kana da naka. Ka ga ƙusa, ka san abin da za ta yi, ka faɗa sau ɗaya ka koma ka rubuta. Kayen ya wanke ka, bai ceci waken ba." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce haka ne. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa ya yi wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Mutane sun fi riƙe rabin ƙarshe, alhali faɗin alherin aka fara ambata. Daga ranar muka kafa doka a mangaza: abu huɗu ba a yi musu kawaici, wuta, ruwa, ƙwari da kuɗi. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ya faɗa, in ban juyo ba ya kama mini hannun riga, in na ƙi ji ya wuce wurin Alhaji kai tsaye, ba zan riƙe shi a rai ba.

Kai kuma mai shiru-shiru da ke karanta wannan, in maigidanka irina ne na da, ga ɗan abin da zai taimake ka. Zaɓi magana ɗaya tak da za ka faɗa a taro, ka shirya ta tun a gida, ka faɗe ta da wuri kafin gardama ta yi zafi. Haɗa ta da lamba, don "ƙusa ta fito" ba ta tsayar da mai surutu, amma "ƙusar nan za ta ci mana buhu arba'in" za ta tsayar da shi. In ba a ji ba, bi shi bayan taro, ko ka tura saƙo. Ka kuma nemi mai baki ɗaya da ka yarda da shi, wanda zai ce, "Ku dakata, Malam na magana."

Bana kafin a fara jerin kaka, ni da shi muka bi katakan ɗaya bayan ɗaya, shi da guduma, ni da fitilar waya. Mun kusa gamawa wani mai saye ya kira ni daga Katsina, na miƙe ina ta zuba, har na kai ga labarin yadda hanya ta lalace. Sai na ji an ja mini hannun riga. Mai awo ne, yana nuna sama da ƙotar guduma, kusurwar gabas, inda wani ɗan haske kamar ƙwayar gero ke shigowa ta rufin kwano. Na ce wa na Katsina zan kira shi an jima, na aiki yaro ya ɗauko tsani.